Garin neman gira: fitilun da muke ƙara wa motoci da babura, da abin da doka ta ce

(Rubutaccen jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawar matasa na ƙarshen mako a Maraɗi. Mun sa shi nan saboda waɗanda ba su samu halarta ba.)



Na ga wasu sun fara murmushi tun da aka faɗi abin da za mu tattauna. Na san abin da ke ranku: ga tsadar hatsi, ga rashin aiki, ga ɗaukewar wuta, sai a tara mu a kan zancen fitilar mota? To ku yi mini haƙuri kaɗan. In na gama, wanda ya ga zancen bai kai ya kawo ba, shayin yau ni zan biya masa.

Bari in fara da abin da ya kawo ni ga wannan magana. Bara, bayan ƙaramar salla, ina dawowa daga Tasawa a motar haya, ina zaune gaba kusa da direba. Dattijo ne, gemunsa duk furfura. Mun wuce Agye, isha ta yi, sai ga wata babbar mota ta doso mu da farar wuta mai shuɗi-shuɗi. Direbanmu ya kyafta masa wuta sau biyu, alamar ya rage. Maimakon ya rage, sai ya nuna mana cewa ai wannan ma ƙaramar ce: ya ɗaga babbar, ya haɗa da wata doguwar fitila da ya ɗaura a saman motar. Wallahi ƴan'uwa, ban ƙara ganin komai ba. Ba hanya, ba gefen hanya, fari fat kawai. Dattijon nan ya taka birki, mata a baya suna ta salati. Da motar ta wuce idanunmu suka dawo, sai ga amalanken shanu a gabanmu, bai fi taku biyar ba, da yaro zaune bisa buhunna. Da direban ya ƙara daƙiƙa ɗaya bai taka birki ba, da yanzu wani labari ake yi.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya ce da ni: «Ɗana, shekara talatin ina bin hanyar ga. Da can ramu muke tsoro da dabbobi. Yanzu wutar ga da anka kawo ta fi ba ni tsoro, don rami ina ganinai in kauce, ita ko ido take ɗaukewa.»

Na yi shiru, kuma kunya ce ta sa ni shiru. Domin a lokacin, babur ɗina da na bari a gida irin wannan farin ƙwan ne a jikinsa. Jika uku na ba da aka sa mini, mai gyaran yana ce mini: «Wannan in ka kunna, dare ya zama rana.» Ni kuwa ina ta jin daɗi. Ban taɓa tambayar kaina yadda wanda ke tahowa yake ganina ba. Saboda haka ban zo nan in nuna wa kowa yatsa ba, ni ma ina cikin masu laifin.

Kafin mu je ga doka, ya kamata mu san yadda fitilar mota take, don in ba mu gane wannan ba, dokar za ta zamo mana kamar son takurawa.

Kowace mota wuta biyu gare ta a gaba: ƙarama, wadda direbobi ke ce wa kod, da babba, wadda ake ce wa far. Far tana harba haske nesa, miƙe, ta hanyar da ba kowa ce. Kod kuwa an yi ta ne don ka ga gabanka ba tare da ka cutar da mai zuwa ba. Ku je ku tsayar da mota mai lafiyayyar fitila gaban bango da dare ku kunna kod, za ku ga abin mamaki: hasken yana da iyaka, kamar an ja layi da wuƙa. Ƙasan layin haske, samansa duhu. A ɓangaren hagu layin a kwance yake, a dama kuma yana ɗan hawa sama. Me ya sa? Saboda a Nijar dama muke bi. Hagu nan ne mai zuwa yake, sai aka danne hasken kada ya shiga idonsa. Dama kuma nan ne mai tafiya a ƙasa da alamomin hanya suke, sai aka ɗaga shi don ka hango su.

Wannan layi ba ƙwan fitila ne kaɗai ke yin sa ba. Aikin abu uku ne a haɗe: ƙwan, da kwanon madubin da ke bayansa, da gilashin gaba. A cikin ƙwan halojin, wato wanda yawancin motocinmu suka zo da shi, akwai wata ƴar siririyar waya mai yin ja ta ba da haske. An auna kwanon madubin ne daidai da inda wayar nan take zaune, har zuwa milimita. A ƙwan H4, mai waya biyu, wat 60 da wat 55, in kun duba da kyau za ku ga wani ɗan ƙaramin murfin ƙarfe ƙarƙashin waya ɗaya. Shi ne ke tare hasken da zai tashi sama ya shiga idon mutane.

To yanzu ka cire wannan ƙwan, ka cusa na LED ko na zenon wanda ba don wannan kwano aka yi shi ba. Hasken ya daina fitowa daga inda madubin yake jira. Sai ya watsu ko'ina: sama, gefe, kan itatuwa, cikin idon mai zuwa. Layin nan ya ɓace. Kod ɗinka ta koma far ba ka sani ba. Shi ya sa za ka kyafta wa mutum wuta, shi kuma ya ji haushi, yana rantsuwa ƙaramar ce ya kunna. Gaskiya ya faɗa, amma ƙaramar tasa ta lalace.

Ga kuma yawan hasken. Ana auna shi da lumen. Ƙwan H7 na halojin yana ba da wajen lumen 1500. Ƙwan zenon irin D2S yana ba da wajen 3200, fiye da ninki biyu. Motocin da suka fito daga kamfani da zenon, tun daga BMW da ta fara sa shi a 1991, ba ƙwan kawai aka canja musu ba, an gina fitilar ne gaba ɗaya dominsa. A ƙa'idar Turai, wutar kod mai ƙarfi irin wannan, wadda ta haura lumen 2000, dole ta zo da na'urar wanke gilashi, kuma zenon ɗin yana zuwa da na'urar da ke saita fitilar da kanta in an yi wa motar lodi. Dalili kuwa shi ne ƙura kaɗan a kan gilashi ta isa ta watsa hasken. Ku duba wannan da kyau: ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba suna tsoron ƙura a kan fitila, mu da muke kwana cikin ƙura muke ɗaura zenon a tsohon gilashin da ya yi rawaya.

Abin takaicin ma shi ne mai fitilar yana yaudarar kansa. Yana ganin gaban motarsa ya yi fari tas, sai ya ɗauka ganinsa ya ƙaru. Alhali in haske ya yi yawa a kusa, ƙwayar ido tsukewa take yi, sai ganin nesa ya ragu. Kuma abin da zai kashe ka a hanya ba a mita 10 yake ba, yana can mita 60 ko 80. In kuma hazo ya sauko, hasken da ya watsu sama ƙurar yake duka ya dawo maka, kamar ka kunna tocila cikin hayaƙi. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In aka ɗauke wa direba gani na daƙiƙa 3, ya yi mita 75 a makance, wajen kashi uku cikin huɗu na tsawon filin ƙwallo. A cikin gari, da gudun 50, mita 14 ne a daƙiƙa. Daƙiƙa 2 kawai, ka wuce ƙofar gida biyu ko uku ba ka ga wanda ke tsallakawa ba. Kuma idon dattijo ya fi na yaro daɗewa kafin ya dawo daidai, balle mai yanar ido, wanda hasken ke tarwatsewa a cikin idonsa. Direbobin manyan motocinmu da na haya, nawa ne cikinsu suka haura hamsin?

To yanzu mu zo ga tambayar da aka fi yi mini: shin doka ta hana, ko ba ta hana ba?

Nijar tana da dokar hanya, wadda aka sabunta a 2014, kuma muna da hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER. Bayan haka ƙasarmu tana cikin yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta duniya da aka ƙulla a Viyena, babban birnin Ostiriya, a 1968. Ƙa'idojin wuta da ake koya wa duk mai neman permi a oto-ekol, tushensu ɗaya da wannan yarjejeniya. Abu huɗu nake so ku riƙe daga cikinta.

Na farko, launi. Gaba fari ne ko rawaya, baya ja. Ba a yarda a ga jar wuta daga gaban mota ba, ba a yarda da farar wuta mai haskawa baya ba sai ta ribas. Saboda haka ɗan'uwana da ya ɗaura farar fitila a bayan kamiyo yana haska wanda ke bin sa, ko wanda ya sa ja da kore a gaban babur don ado, ya fita daga ƙa'ida. Launin nan harshe ne: da shi mai zuwa yake sanin ko kana tahowa ko kana tafiya.

Na biyu, dole kod ta haska hanya ba tare da ta makantar da sauran masu amfani da hanya ba. Wannan shi ne ginshiƙin zancenmu na yau.

Na uku, far tana da lokacinta. Ana kashe ta in za a yi kiciɓis da wata mota, in ana bin wata mota kusa, da kuma cikin gari inda hanya ke da haske.

Na huɗu, shuɗiyar wuta mai walƙiya ta motocin da ke da fifiko ce, irin su ambilas, ƴan kwana-kwana da jami'an tsaro. Ba kayan kwalliya ba ce.

In kun lura, babu inda aka ce LED haramun ne. Motoci da yawa suna fitowa daga kamfani da LED tun wajen 2007, kuma fitilunsu na da kyau in an saita su. Abin da ake dubawa shi ne: wannan ƙwan da wannan kwano, an gwada su tare an ga suna ba da layin nan? Shi ya sa a jikin gilashin fitila da gindin ƙwan na ƙwarai za ku ga harafin E cikin da'ira, da lamba kusa da shi. Alama ce ta cewa an gwada kayan bisa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar kuma tana nuna ƙasar da ta ba da shaidar: 1 Jamus, 2 Faransa. Yawancin motocin da ake kawo mana daga Turai da wannan alama suke zuwa. Ranar da ka cusa wani ƙwan daban, shaidar nan ta tashi aiki.

Ku ji yadda ƙasashen da suka ƙera motocin suke yi. A Jamus, sai a 2020 aka fara halatta sa ƙwan LED a fitilar halojin, wani H7 na kamfanin Osram, kuma ba a kowace mota ba: akwai jerin motocin da aka gwada shi a kansu, in taka ba ta ciki, babu kai. A Birtaniya, tun 2021, motar zamani da aka sa wa LED ko zenon a fitilar halojin faɗuwa take yi a binciken shekara, abin da muke ce wa vizit teknik. A dokar Faransa an ƙayyade aikin kowace wuta: far ta haska aƙalla mita 100, kod aƙalla mita 30 ba tare da ta makantar ba. Waɗannan mutane suna da fitilun titi, da alamomi, da asibiti kusa, amma suna wannan tsanani. Mu fa?

Saboda haka in za mu kasa gyare-gyaren da ake yi a garejinmu, kashi huɗu ne. Akwai wanda ya sayi ƙwan halojin mai inganci, iri ɗaya da nasa, wat ɗaya, mai alamar E. Wannan babu laifi, shi ne ma abin da ya kamata. Akwai wanda ya canja fitilar ɗungurungum da wadda aka yi wa irin motarsa, aka saita ta. Shi ma lafiya lau. Akwai wanda ya cusa LED ko zenon a kwanon da ba nasa ba, ko ya sa ƙwan wat 100 inda aka ce 55. Wannan in fitilarsa tana makantarwa, kuma yawancinsu suna yi, ya saɓa ƙa'ida ko daga ina ya sayo. Mai wat 100 kuma ya ƙara wa kansa wata masifa, don zafin yana ƙona madubin, yana narkar da wayoyi. Sai na huɗu, dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa a sama ko a gaban mota. An yi su ne don daji da hamada. Wanda zai bi rairayi bayan Agadas yana da hujjar mallakar su. Amma kunna su a kan kwalta tsakanin Gidan Rumji da Tibiri, ko a tsakiyar Damagaram, zalunci ne tsagwaronsa. Da yawa daga cikin kwalayen kayan nan ma an rubuta a jikinsu, da ƙananan haruffa, cewa ba na hanyar jama'a ba ne. Wa ke karantawa?

Kuma kada wani ya ce ai a kasuwa na saya, da haramun ne da duwan ba ta bari ya shigo ba. Wuƙa ma a kasuwa ake sayar da ita. Samun abu a shago bai ba ka izinin amfani da shi yadda ka ga dama a kan hanyar kowa da kowa ba.

Yanzu bari in tsaya a wurin masu sa fitilun, don suna da magana, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Ɗan kabu-kabu zai ce maka: unguwar da nake kai fasinja babu fitilar titi ko ɗaya, ga ramu, ga yashi, ga kwata a buɗe, fitilar da babur ya zo da ita kamar aci-balbal take. Direban da ke bin babbar hanya ta ɗaya, daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, har Maraɗi da Damagaram, zai ce maka: amalanke ba shi da wuta, jaki ba shi da wuta, raƙumi ba shi da wuta, kamiyo zai lalace a bar shi a kan hanya da ƴan rassan itace kawai a bayansa. Wani zai ce tsoron ɓarayi ne. Wani kuma zai faɗi gaskiyar da ta fi kowace ɗaci: kowa ya sa, in ban sa ba ni za a makantar.

Duk na yarda. Duhun hanyoyinmu gaskiya ne, kuma hakkin hukuma ne ta magance shi. Amma ku duba inda hujjar ƙarshen nan take kai mu. Na sa don ka sa, kai kuma ka ƙara don na ƙara. In mota biyu masu irin wannan wuta suka haɗu, direba biyu ne suka makance lokaci guda, kuma duk wanda ke tsakaninsu ya shiga uku. An kashe kuɗi, kowa ya ƙara haske, ganin kowa ya ragu.

Kuma wa ke tsakanin? A nan ne zancen ya zama namu. Mai babbar mota yana zaune sama, fitilarsa tana daidai fuskar mai babur da mai ƙaramar mota. In an yi karo, ƙarfe ne ya kewaye shi. Wanda ke kwasar wahala shi ne mai keke, da ɗan kabu-kabu da matar da ya goyo, da yarinya mai tallar da ke tsallaka titi, da almajiri, da manomin da ke komawa ƙauye da amalanke bayan cin kasuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ya ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe ƴan shekara 5 zuwa 29, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Ƴan shekara 5 zuwa 29: ku dubi wanda ke zaune kusa da ku.

Wani abu kuma: irin wannan haɗari ba ya barin shaida. Mai fitilar ya wuce abinsa, bai ma san ya yi ɓarna ba. Wanda aka makantar shi ne zai buge mutum, shi za a kama, shi za a ce ya yi ganganci. Wanda ya jawo abin yana gida yana barci.

To me za mu yi? Zan fara da mu, kafin in je ga hukuma.

Yau da dare, duk mai mota ko babur ya yi wannan gwaji. Nemi wuri mai shimfiɗe gaban bango. Ja baya mita 10. Auna tsayin tsakiyar fitilarka daga ƙasa, ka yi alama a bangon daidai wannan tsayi. Kunna kod. Ya kamata layin hasken ya sauka ƙasa da alamar da wajen santimita 10. A jikin fitilun motoci da yawa ma an rubuta adadin, za ka ga 1% ko 1,2%. In layin ya haura alamar, fitilarka tana kallon sama, a saita ta, ƴan kusoshi ne a bayanta. In kuwa babu layin sam, haske ne kawai a watse, to ƙwan ne, a cire shi. Sannan ka bar motar a kunne, ka taka ka yi nisa, ka juyo ka tsuguna daidai tsayin mai babur ka kalle ta. Abin da ka ji a idonka, shi kake yi wa mutane kullum.

In haskenka ya yi rauni, kafin ka ruga sayen farin ƙwan, duba abin da ya raunana shi. Gilashin roba da rana ta ƙona ya yi rawaya ana goge shi ya dawo. Kwanon da madubinsa ya dushe ana canjawa. Ƙwan halojin yana tsufa, haskensa na raguwa tun kafin ya mutu, a canja biyun tare. Wayar da ta yi tsatsa ko batir mai rauni suna rage wuta. Sau da yawa tsumma da ruwa ma sun isa. Kuma akwai wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba 0, 1, 2, 3 da mutane da yawa ba su san aikinsa ba. In ka loda bayan mota, hancinta ɗagawa yake yi, sai ka murɗa shi fitilar ta sunkuya. Direbobin haya masu ɗaukar kaya har sama, wannan naku ne.

Abu na ƙarshe a kanmu, kuma shi ya fi wuya: in ba ka gani, rage gudu. Kada gudunka ya wuce inda haskenka ya kai. In kuma an haske ka, kada ka rama. Kawar da ido zuwa gefen dama na hanya, ka sassauta. Ramuwa makaho biyu take haifarwa.

Ga masu gyaran wutar mota da babur, iyayen gidanmu da abokanmu: ku ne kuka fi kowa iko a wannan zance, don abin da kuka ce shi mai mota yake ji. Bango ɗaya da alli a gareji sun isa ku saita kowace fitila kafin ta fita. Wannan ma sana'a ce da za a biya ku.

Ga hukuma kuma, buƙatunmu a fili suke. Muna so a fassara ƙa'idojin wuta cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a watsa a rediyo da tasha-tasha, don ba adalci ba ne a hukunta mutum da dokar da ba a taɓa karanta masa ba. Muna so vizit teknik ta zama bincike na gaske, a auna saitin fitila da na'ura, kada ta tsaya a takarda da tambari. Muna so a sa ido a kan irin ƙwan da ake shigowa da su, don tare kaya a bakin iyaka ya fi sauƙi a kan bin babura ɗaya-ɗaya. Muna so magajin gari ya gyara fitilun titi, a kuma taimaka wa masu amalanke da ɗan kyalle mai ƙyalli da za su manna a baya, abu ne mai araha da zai ceci rai. Kuma muna so in za a yi hukunci a fara daga sama. In aka tare ɗan kabu-kabu aka bar mai babbar mota da fitila shida ya wuce saboda ana jin nauyinsa, to dokar ta zama wata hanyar tatsar talaka, kuma ba za mu goyi bayan haka ba. A fara da gargaɗi, a ba mutane wa'adi su gyara, sannan tara ta biyo da rasit.

Ni dai na cire nawa. Washegarin dawowata daga Tasawa na koma wurin mai gyaran, na ce ya mayar mini da irin na da. Ya yi dariya ya ce: «Kai ko, kowa na neman gaba kana komawa baya?» Na ce ya zo da dare ya tsaya gaban babur ɗin. Ya zo, ya tsaya, na kunna. Ya kare fuska da hannu ya ce: «Kashe, kashe, na gani.» Muka goge gilashin, muka sa ƙwan da ya dace, muka saita a bangon shagonsa. Ina gani lafiya lau, kuma tun ranar ba wanda ya sake kyafta mini wuta.

Abin da nake roƙo, kowa a nan ya yi gwajin bangon nan cikin makon nan, ya ɗauki hoto ya turo mana, na kafin gyara da na bayan gyara. Kowa kuma ya kai zancen fadarsu, ya ja mutum ɗaya su yi tare. Mu fara da layinmu da unguwarmu.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya. Mai tambaya ko mai gyara, bisimilla, fili naku ne.